Daga Jidda Zuwa Kabuga

Asabar, 4 ga Sha'aban, da hantsi

Ya miƙa kansa. Jiya bayan Juma'a ya kira ni, ya ce ya sayar da kekensa na ɗinki, yau da safe zai je inda ake tara waɗanda bizarsu ta mutu, a ɗauki yatsunsa a sako shi a jirgi. Tarhil suke ce wa wurin. Ya ce za a karɓe masa waya, kada in damu in na ji shiru.

Abdulbaqi. A nan dai ina iya rubuta sunansa, ba mai jina. Wata huɗu muka yi da aure ya tafi Umara, ya ce zai ɗan taɓa ɗinki a shagon wani abokinsa a Jidda, kafin bizar ta ƙare ya dawo. Bizar ta ƙare, ta mutu, ta ruɓe. Bana azumi na uku ke nan da zai same ni ni kaɗai a ɗakin nan na Jakara. Da Baba, mahaifina, ya gaji, a gabana ya kira shi ya ce in watan azumi ya tsaya bai zo ya zauna a zaurensa ba, zai kai magana gaban alƙali a raba auren. Baba kuwa ba ya magana biyu.

To ga shi ya zaɓe ni. Na karanta irin wannan ba adadi, namiji ya bar ƙasa ya bar neman kuɗi saboda mace ɗaya. Kullum sai in kife littafin a ƙirjina in ce su dai sun ji daɗi. Yau ban buɗe ko ɗaya ba. Me zan karanta?

Lahadi, 5 ga Sha'aban, bayan azahar

Inna, mahaifiyarsa, ba ta amsa gaisuwata ba da safe. Na durƙusa har ƙafata ta yi tsami, tana ta jan carbi tana kallon bango.

Luba, ƙanwarsa, ta same ni a madafi ta fayyace min. Wai wanda aka ɗauki yatsunsa sai ya yi shekaru bai sake taka ƙasar ba, ko da aikin Hajji ne, Inna kuwa shi take jira ya kai ta. Sannan unguwar nan kaf sun san yana da iƙama, takardar zaman ƙasar, yana aiki a wani babban kamfanin tufafi. Wa ya faɗa musu? Inna. A gidan biki uwar Alhaji ake ce mata, ana ba ta kujera. Luba ta ce jiya Inna har kuka ta yi, tana cewa ɗanta ya zubar da arzikinsa saboda 'yar littafi.

Ni ce 'yar littafi. Ba komai.

Laraba, 8 ga Sha'aban, da la'asar

Shiru.

Juma'a, 10 ga Sha'aban, da safe

Na rama azumi biyu. Na wanke labule, na turara ɗaki, na fito da atamfar nan shuɗiya da ban taɓa ɗaurawa ba. Ina ta tsara yadda za a yi a filin jirgi. Ba zan yi gudu ba, gudu ba na matar aure ba ne. Zan tsaya bayan Luba in sunkuyar da kai, shi zai nemo ni da ido. A mota ba zan ce komai ba sai ya fara.

Na ce wa Inna ina so in je a yi min lalle. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce wa zan yi wa lalle, so nake matan unguwa su fara tambaya? Na mayar da atamfar akwati.

Litinin, 13 ga Sha'aban, da azahar

Shiru. Baba ya aiko a tambayi lafiyata. Na ce lafiya lau.

Laraba, 15 ga Sha'aban, bayan la'asar

Yana Kano.

Tun jiya da rana. Ban sani ba, ina nan ina surfen geron kunu mijina yana sauka a garin nan. Kawu Ashafa, ƙanen Inna, shi ya je ya ɗauko shi ya wuce da shi gidansa a Kabuga. Yau da hantsi Kawu ya zo suka ƙulle a ɗakin Inna. Luba da ta kai musu ruwa ta ji, ta ce wai da leda ɗaya ya sauka, da silifas, da kayan da ya shiga da su.

Da Kawu ya tafi Inna ta kira ni. Yau har tabarma ta nuna min. Ta ce ɗanta ba zai shigo Jakara kamar korarre ba, ana nuna shi da baki. Zai zauna a Kabuga, ba fita ba shiga, har a yi sallah. In masu Umarar azumi suka fara dawowa, a sa shi a mota a bi ta hanyar filin jirgi a kawo shi gida cikin farar jallabiya da akwatuna, a yi guɗa, a raba tsaraba gida gida yadda ake yi wa kowane alhaji. Kafin nan kada wanda ya ji. Amana ce ta ba ni.

Na ce har Baba?

Ta ce: “Shi ne ma na farko. Zauren Malam Isiyaku ai kasuwa ce, wa ba ya zama? In ya ji, Ƙofar Mazugal ta ji. In Mazugal ta ji, Kurmi ta ji.”

Na ce amma wa'adin da ya ba shi ganin wata ne. Ta ce Malam mutum ne mai ilimi, wanda ya jira shekara uku ba zai kasa jiran wata ɗaya ba. Ba ta san Baba ba. Ko ta sani, ba ruwanta.

Juma'a, 17 ga Sha'aban, bayan magariba

Ya kira da wayar Kawu. Muryarsa ta dishe. Ya ce ya nake, na ce lafiya, ya ce ya Inna, na ce lafiya. Muna cikin wannan lafiya lafiyar aka kira salla, sai na ji ladan a kunnena na dama ta waya, na ji namu na Jakara a na hagu, lokaci ɗaya. Shekara uku in nasa ya kira, nawa bai yi ba. Na toshe bakina da mayafi.

Na ce yaushe zai je wajen Baba. Ya ce za mu yi magana, Kawu yana son wayarsa.

Lahadi, 19 ga Sha'aban, da yamma

Inna da Luba sun je kasuwar sansanin alhazai sun dawo da buhu biyu a adaidaita, an lulluɓe da tsohon zani kamar gawa. Dabino, bagaruwa, carbi, kwalli, 'yan ƙananan darduma. An rufe ƙofar gida, an ƙure rediyo, aka ce in zauna in ƙulla. Leda ɗaya dabino kaɗan, bagaruwa cokali, carbi ɗaya. Gidan liman da gidan mai unguwa a ƙara musu darduma.

Luba tana ta ba ni dariya ban so ba. Ta ce zamzam fa? Inna ta ce Kawu yana da ragowar jarka tun zuwansa, za a ƙara da ruwan leda, albarka ai bi take. Luba ta ce to tunda bi take, a zuba cokali a rijiya mana unguwa ta huta. Inna ta jefe ta da mafici.

Can sai ga sallamar Hasana maƙwabciyarmu tana neman tsamiya. Da gudu muka ja zani muka rufe. Ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina iska, ta ce gidan nan yau ƙamshin Makka yake. Ta ce min amarya, in kun yi waya da Alhajinmu ki ce kada ya manta da abayata. Na ce zan faɗa masa. Bakina bai ko yi rawa ba. Ashe na iya.

Yatsuna sun yi ja da ƙullin leda. Wannan ne lallen nawa.

Laraba, 22 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na je.

Na ce wa Inna zan je a duba min haƙori. Na ari niƙabin Luba, na hau adaidaita a bakin Kurmi. Duk hanya ina bitar abin da zan faɗa. Na shirya shi tsaf, har inda zan yi shiru. Kabuga fa ba nisa. Ban gama bitar ba muka iso.

Matar Kawu ta ga idona ta gane ni, ta nuna min ɗakin baya kusa da kejin kaji. Tun daga tsakar gida na ji ƙarar keke.

Yana zaune a kan keken aro, ya ba ƙofa baya. An aske masa kai ƙwal. Wuyansa ya yi tsawo. Akwai wasu abubuwa a hannunsa da bayan kunnensa da ba zan rubuta ba. A gefensa tulin 'yan jallabiyoyi na yara, farare, ya ɗinka su da yadin kasuwar Kwari, yana bin wuyan kowace yana maƙala mata 'yar alama mai rubutun Larabci. Tsarabar 'ya'yan dangi.

Na yi sallama. Ya juyo. A littafi a nan ne ake cewa duniya ta tsaya. Kaji dai ba su tsaya ba. Abin da ya fara ce min shi ne, wani ya gan ki?

Na zauna a bakin katifa. Duk abin da na haddace ya gudu. Na ce ya rame, ya ce ni ma. Na tambaye shi yadda aka yi a can, ya ce an yi dai. Ya yi tari mai tsawo. Da zai sa zare a allura sai da ya gwada ya sake gwadawa, na karɓa na sa masa. Iyakar abin da ya haɗa hannunmu ke nan.

Na ce mai adaidaita yana waje yana jirana. Mu tafi yanzu, ya sa hula ya ja rawani, mu shiga ta lungun baya, ya gaida Baba ya fito. Ko shayi ba sai ya sha ba.

Ya dubi ƙafarsa. Ya ce: “A haka? In je in durƙusa gaban Malam a haka, ɗalibansa suna kallo? Waɗanda na yi wa alkawarin agogo?”

Na ce Baba ba agogo ya ce a kawo masa ba.

“Sa'ida, na kwana a kan siminti saboda ke. Na bar kekena, na bar komai, an dangwala min yatsu kamar ɓarawo. Wannan ɗaya ki bar min. In shigo unguwarmu da mutuncina.”

Na ce in wata ya tsaya fa? Ya ce Malam ba zai yi ba, barazana ce ta manya. Ya ce in lallaɓa shi, ai ni ce 'yar gaban goshinsa.

Da zan tafi ya miƙo min jallabiya ɗaya ya ce in duba, za a gane? Na juya ta ciki da waje. Ɗinkinsa ya ƙara kyau, wannan gaskiya ne. Na ce ba za a gane ba.

Juma'a, 24 ga Sha'aban, da hantsi

Na ɗauko littafi, na kai inda saurayin ya durƙusa yana roƙon budurwar a gaban mutane. Na rufe. Masu rubuta waɗannan ba su da surukai.

Lahadi, 26 ga Sha'aban, bayan azahar

Ni na yi. Da bakina.

Baba ya aiko in zo. Tun a hanya na san maganar ganin wata ce. Na same shi a zaure ya sallami ɗalibai, yana gyara alƙalami da reza. Ya ce in zauna. Ya ce Sa'idatu, a kan maganar mijinki ne.

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ga kamar in ya furta kalmar alƙali shi ke nan, ba ta komawa. Na ce Baba ya dawo, wallahi ya dawo, ya cika alkawari, shi ya kai kansa aka kamo shi, yana Kabuga gidan kawunsa tun sha huɗu ga wata, ba shi da lafiya ne kuma ba shi da kaya, bayan sallah zai zo da kansa. Ina faɗa ina murmushi. Har ga Allah na zaci albishir nake yi.

Baba ya ajiye rezar. Ya daɗe yana kallon bakin alƙalamin.

Ya ce: “Na kira ki ne in ce miki na ƙara masa zuwa babbar sallah. An ce min fitowa daga can ba a hannun mutum take ba, sai ranar da suka ga dama. Na ce kada in zalunci yaro.”

Na ce to Baba a bar shi a hakan mana.

“Wanda yake Jidda yana da uzuri. Wanda yake Kabuga ba shi da shi.”

Ya ce ba zai aika masa ba, ba zai kuma faɗa wa kowa ba, asirin mutane ba abincinsa ba ne. Zaure a buɗe yake har a ga wata. In ya zo, ko da tsumma ne a jikinsa, magana ta mutu. Ya tambaye ni na ci abinci? Na ce e.

Da na yi shiru na minti ɗaya. Minti ɗaya kawai.

Litinin, 27 ga Sha'aban, bayan azahar

Na kira wayar Kawu na faɗa wa mijina komai. Ya ce me ya kai ni. Kafin azahar Inna ta ji.

Ba ta zage ni ba. Ta tsaya a tsakar gida tana yi wa Luba magana da ƙarfi, wai shi ya sa ake cewa kada a ba kaza ajiyar tsaba. Ta aiko Luba ta kwashe ledojin tsaraba daga ƙarƙashin gadona ta mayar ɗakinta, kamar zan ci.

Talata, 28 ga Sha'aban, da la'asar

Ya ce zai zo. Gobe bayan magariba, shi da Kawu, in duhu ya fara. Na sa ya maimaita. Ya ce in sha Allahu. Na ce ba in sha Allahun Jidda ba. Ya yi 'yar dariya, ta farko da na ji.

Zai zo. Zai zo.

Laraba, 29 ga Sha'aban, bayan isha'i

Tun la'asar na taho gidan Baba a Mazugal. Na share zaure da kaina, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na dama fura na sa a randa. Na ɗaura atamfar. Baba ya gan ni, na kuma lura ya sallami masu zama da wuri, ya ce yau yana da baƙo. Har fitilar zaure ya rage.

Yara suna kan katanga suna leƙen yamma. Aka yi magariba. Duk adaidaitar da ta rage gudu a bakin lungu sai na miƙe. Wata ta sauke mai ƙanƙara. Wata ta sauke buhun gero. Can rediyon maƙwabta ta ce an ga wata, unguwa ta ɗauki sowa, ana ta barka da shan ruwa tun ba a fara ba.

Sai ga sallama. Kawu Ashafa. Na leƙa ta labule ina duba bayansa. Bayansa lungu ne.

Ina jin su. Kawu ya ce yaron har ya sa riga, har sun fito bakin titi, sai ya hango wani ɗan Jakara mai sayar da kankana, ya juya ya koma ciki, aka yi aka yi ya ƙi fitowa. Ya ce Malam a dubi Allah, yaron nan ya sha wuya, ba a san abin da ya gani ba. Baba ya ce ya yarda ya sha wuya, Allah ya ba shi lafiya. Ya ce ita ma wadda take bayan labulen nan ta sha, ba wanda ya ɗinka mata labari. Ya ba Kawu furar ya sha. Suka tafi asham tare.

Baba ya ce in kwana a nan.

Alhamis, 1 ga Ramadan, da hantsi

Luba ta kawo min kayan sawata a jakar bakko, littattafaina a sama. Ta rungume ni ta yi kuka, ta ce gidan ba daɗi. Ta ce Inna ta riga ta gaya wa Hasana wai na zo taya gidanmu aikin azumi.

Baba ya kira ni bayan ta tafi. Ya ce Litinin zai shiga kotu. Amma aure nawa ne ba nasa ba. In ba na so, in faɗa masa kafin ranar, ba zai yi fushi ba, zai mayar da ni Jakara da kansa.

Juma'a, 2 ga Ramadan, da azahar

Ban faɗa ba tukuna. Ina jira ya kira. Kalma ɗaya nake so, na ma san ta, zan iya rubuta masa ita ya karanta.

Asabar, 3 ga Ramadan, bayan shan ruwa

Ya kira. Ina tace kunu na ga lambar Kawu, na wanke hannu na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Ya ce ya azumi. Ya ce ya ji maganar Litinin. Ya ce shi bai ga laifin Malam ba, bai ga nawa ba, shi ne dai Allah ya jarraba. Sai na ji yana jan numfashi, na riƙe nawa. Ya ce yana da roƙo ɗaya.

Na ce ina ji.

“Don Allah ki roƙar min Malam. In an je gaban alƙali, a bar shi a kan ina Jidda. Kotun nan 'yan unguwa suna shiga.”

Na dubi hannuna, duk gasara a jikin farce. Na ce to. Na ce zan faɗa masa. Ya ce Allah ya yi min albarka, ya san ni mai hankali ce.

An kira salla. Na kai wa Baba kunu da ƙosai a zaure, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya ce shi ba zai yi ƙarya a gaban alƙali ba, amma abin da ba a tambaye shi ba ba zai faɗa ba. Ya kurɓi kunun, ya dube ni ta saman kofi, ya ce saura kuma me, akwai wata maganar?

Na ce babu, Baba. Na ce in ƙaro sukari?